Ranar da Mode Ya Riƙe Usur

Duk wanda ya taɓa shiga gidan kallon Bashir da ke bayan kasuwar Wurno ya san Mode, ko bai gan shi ba ya ji muryarsa. Dillalin albasa ne, amma in ya fara bayanin reslin sai ka rantse shi ya yi renon Turawan da ke jibgar juna a cikin akwatin talabijin. Shi ya san wanda ya karye bara, shi ya san wanda matarsa ta yi yaji, har abin da kowannensu ke karyawa da shi Mode ya sani. In ka yi masa gardama sai ya dube ka sama da ƙasa ya ce, "Kai dai tsaya ga ƙwallo."

Ranar da aka nuna babban wasan shekara, wanda sai an biya na musamman ake buɗe tasharsa, gidan Bashir ya cika har bakin ƙofa. Bashir ya naɗi wasan ya sa shi bayan la'asar, mutane suka zo a kan babura daga Achida, wasu har daga Rimawa. Kowa Bijimi ya zo gani, wani ƙato mai wuya kamar turmi, wanda 'yan Wurno suka raɗa wa wannan suna suka kuma ɗauke shi tamkar ɗan garinsu. Abokin karawarsa kuwa Ɗan Kwalisa suke ce masa, saboda gashin da ya rina da yawan duba kansa a allon fili.

Bijimi ya yi ta wanke Ɗan Kwalisa, gidan kallo na ihu. Ana cikin haka kafaɗar wani ta ɗan gogi alƙalin wasa, sai ga shi ya zube ya miƙe ƙafafu. Kafin ka ce me, abokin Ɗan Kwalisa ya shigo da kujerar ƙarfe ya rafka wa Bijimi a ka, Bijimi ya faɗi, Ɗan Kwalisa ya danne shi. Nan take alƙali ya farfaɗo, ya rarrafo ya daki ƙasa sau uku, aka ɗaga hannun Ɗan Kwalisa.

Gidan kallo ya hargitse. Wani ya jefi akwatin da silifa, Bashir ya tare da ƙirjinsa yana roƙon a ji tsoron Allah. Wani tsoho daga Rimawa ya ce shi bai yafe man babur ɗinsa ba. Wani ya rantse ya bar kallon reslin har abada, ya fita, ya dawo ya tambayi yaushe za a yi ramuwa.

Isah, wani magini mai sanyin magana da ke zaune a baya, ya ce, "Ku kwantar da hankalinku. Abin ga duk shiri na, kamar him ɗin Indiya."

Mode ya miƙe tsaye a kan benci. "Shiri? Kujerar ma shiri ta? Zo in buga maka ɗaya mu gani in shiri na!"

"To mi as sa alƙalin bai tashi ba sai da anka gama?"

"Don rago na! Alƙalanci ba aikin kowa na ba. Wallahi da ni ad da hilin nan, ko Ɗan Kwalisa ya zo da kujerun gidan biki duka, Bijimi na ka tahiya da bel ɗin gasar."

Da maganar ta tsaya nan, da an tashi lafiya. To amma a makon nan ne ake kokawar bayan cirar albasa, inda Gajere na Rabah zai kara da Siddiq na Goronyo a filin Wurno, a kan rago. Alhaji Abdulƙadiri, wanda ke riƙe da usur ɗin fili tun kafin a haifi 'yan kokawar, ciwon gwiwa ya sa shi gaba, har ya faɗa a majalisa cewa bana zai miƙa usur ga wani. Kowa ya ɗauka Isah za a ba, don shi ke taya Alhaji shata fili da korar yara.

Shi kuwa Mode, usur ɗin nan ya daɗe yana ci masa rai. A kasuwa sai ya yi ta magana ana danna waya, a gidan kallo sai ya hau benci ake jin sa. Amma ya sha ganin Alhaji ya busa sau ɗaya, filin da ke cike da mutane ya yi tsit. Wannan tsit ɗin yake so, ko sau ɗaya ne a rayuwarsa.

Ya bi Alhaji masallaci, ya bi shi wurin mai shayi, ya bi shi wurin ɗaurin aure. Ya ce masa alƙalancin gargajiya ya tsufa, duniya ta ci gaba, shi kuma ya yi shekaru yana nazarin na ƙasashen waje. Da Alhaji ya ga ko alwala ba zai yi cikin natsuwa ba, sai ya cire usur daga wuyansa.

"Amshi. Ka riƙe hili ran Asabar. In an tashi lahiya, naka na. In ko ba a tashi lahiya ba, ka maido min abuna."

"Baba Alhaji, ka ɗauka an tashi."

Shiri ya kankama. Mode ya ɗauko farar rigarsa ta Juma'a ya yanke hannuwan, ya ɗebo baƙin fentin da yake rubuta suna a buhunan albasa ya zana mata layi-layi. Matarsa Zubaida ta fito daga madafa ta tsaya tana kallo.

"Malam, mi an nan? Rigar sallar taka?"

"Rigar aiki ta. Ke ba ki san komi ba."

"Wane aiki na aka yi da kamannin zabuwa?"

Bai kula ta ba, ya shiga gwaji. Zakaru biyu suka kaure a tsakar gida, Mode ya faɗa ƙasa ya fara ƙirga, suka bar faɗan suka tsaya suna kallonsa. Maƙwabcinsa ya zame a bakin rijiya, maimakon sannu sai ya ji ana dukan ƙasa kusa da kunnensa ana cewa ɗaya, biyu. Aka kai ƙara wurin mai unguwa. Washegari jakin mai ruwa ya kwanta yana birgima, Mode ya duƙa zai ƙirga masa, jakin ya miƙe a kan biyu ya bar masa shaida a cinya. Har faɗuwar alƙali ya gwada, ya shimfiɗa tabarma a ɗaki yana zubewa yana tashi, Zubaida na leƙe ta labule. Da ta tambaye shi amfanin wannan, ya ce alƙalin da ya suma ba a tuhumarsa da komai.

Ran Asabar bayan la'asar fili ya cika. Mutanen Rabah a gabas da makaɗansu, na Goronyo a yamma da nasu, 'yan Wurno sun zagaye, ragon kuma an ɗaure shi a gindin darbejiya kusa da kujerar Alhaji. Mode ya shigo da rigarsa mai layi, yana ɗingishi kaɗan, usur a baki, ya zaga fili sau biyu yana ɗaga wa mutane hannu kamar shi aka zo gani.

Ya busa. Fili ya yi tsit. Daɗi ya ratsa shi har tafin ƙafa, ya sake busawa ba dalili.

Aka fito da 'yan wasa. Gajere, sunan nasa ya bi shi, dunƙulalle ne mai faɗin ƙirji. Siddiq dogo ne, makiyayi, damatsansa kamar an murɗa igiya. Kowannensu ya sha layu da guraye a damtse da ƙugu. Mode ya ce su ɗaga hannuwa, ya fara lalube su daga sama har ƙasa.

Gajere ya ja da baya. "Kai, mi kaka nema a jikina?"

"Bincike na. Doka ta hana shiga hili da makami." Ya kama wata laya a damtsen Gajere ya ja. "Wagga hwa? Mi a ciki?"

Mutanen Rabah suka ɗauki salati. Gajere ya fizge hannunsa ya ce in ya ƙara taɓa ta, shi za a fara kayarwa kafin Siddiq. Mode ya juya kan Siddiq ya cafki gurun ƙugunsa, mutanen Goronyo su ma suka ɗauki nasu salatin. Wata tsohuwa mai fura, Inna Tani, ta dafe kai ta ce yau yaron nan ya taɓo abin da ya fi ƙarfinsa. Daga gindin darbejiya Alhaji ya ɗaga murya ya ce a bar layu a yi abin da ya tara mutane.

Aka sa kiɗa, suka kama. Kokawa ce ta gaske, ba ta akwati ba. Suka sarƙe, suka yi ta turjiya, ƙasa na tashi, Mode na tsalle a gefensu yana leƙa ƙarƙashin hammatarsu yana kaɗa yatsa. Can Gajere ya sunkuya ya shige ƙarƙashin Siddiq, ya ɗaga shi ya nana bayansa da ƙasa.

Ko yaron goye a ƙasar nan ya san an gama. In hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa ma an yi kaye, balle baya. Makaɗan Rabah suka ɓarke, Gajere ya saki Siddiq ya juya wajen mutanensa yana rawa yana kirari.

Sai ga Mode ya yi sufa ya faɗi rubda ciki kusa da Siddiq, ya daki ƙasa. "Ɗaya!" Ya sake duka. "Biyu!"

Siddiq, da ya ga mutum kwance kusa da shi yana dukan ƙasa yana zare ido, ya tashi zaune don ya ga ko lafiya. Mode ya zabura ya ɗaga yatsu biyu sama, ya zaga da su fili.

"Biyu ta! Bai kai ukku ba! A ci gaba da wasa!"

Siddiq ya ce, "Ai ya kada ni."

"Wa ac ce? Ni ad da usur ko kai? Kahwaɗarka ta tashi. Kama shi!"

Wani daga cikin mutanen Goronyo ya yi ihu, "Alƙali ya ce ka kama, ka kama mana!" Siddiq ya ɗaga kafaɗa, ya taka a hankali ya je bayan Gajere da ke tsakar rawa, ya rungumo ƙugunsa ya maka shi da ƙasa. Makaɗan Goronyo suka ɓarke. Mode ya zo da gudu zai ƙirga, ya taka igiyar kalangun wani ya kife, kafin ya tashi Gajere ya miƙe yana huci.

Yanzu fa kowane gari na da kaye ɗaya. Samarin Rabah suka kwance rago suka kama ƙaho, na Goronyo suka kama ƙafafun baya, ragon na kuka a tsakiya. Sauran jama'a suka yi wa Mode zobe.

"Wa ac ci?"

"Hwaɗi gaskiya, Gajere yaf fara kayarwa!"

"Kai kac ce a ci gaba, mu duk mun ji!"

Mode ya busa usur. Ba wanda ya yi shiru. Ya sake busawa har kumatunsa suka yi zafi, hayaniya ta ƙaru. Ya dubi gabas ya ga Gajere na matse yatsu, ya dubi yamma ya ga makiyayan Goronyo sun gyara riƙon sanduna. In ya ce Rabah, ya san ba zai ƙara sayen albasa a Goronyo ba. In ya ce Goronyo, ga Gajere nan taku biyu. Tsoro ya kama shi sosai.

Sai gwiwar hannun wani makaɗi ta ɗan gogi kafaɗarsa. Mode ya ga ƙofa ta buɗe. Ya yi juyi ɗaya, ya zube, ya miƙe ƙafafu, usur na bakinsa.

A cikin akwati, in alƙali ya suma, ƙyale shi ake yi ya huta har rigima ta wuce. Abin da Mode ya manta shi ne nan Wurno ne, ba a barin mutum kwance a ƙasa.

Aka saki rago, aka manta da kaye. Inna Tani ta ratso mutane tana cewa, "Na hwaɗa! Na hwaɗa muku! Mutum shi kama layun 'yan kokawa da hannu tsirara? Ku kawo ruwa!" Aka kwara masa bokiti guda. Fenti ya narke ya gangaro masa har wuya, bai motsa ba. Aka kwara na biyu, wanda mai shayi ya wanke kofuna a ciki.

Inna Tani ta ce abin ya shiga jiki, sai hayaƙi. Aka ɗebo garwashi daga wurin mai tsire, ta barbaɗa barkono da wani sassaƙe, aka kara masa a hanci. Mutanen da ke kewaye suka yi ta tari suna ja da baya. Mode ya danne numfashi, jijiyoyin wuyansa suka tashi, hawaye na bin gefen idonsa, amma ya cije.

Isah ya duƙa ya dube shi ya ce, "Inna, wanga suma nashi akwai ƙoƙari a ciki."

Nan Zubaida ta iso, an je an gaya mata mijinta ya faɗi. Ta zo a rikice mayafi a hannu, ta durƙusa a kansa tana salati. Sai ta lura da yadda ya karkatar da kai, da yadda ya ɗora hannu ɗaya a ciki, daidai yadda ta gani a kan tabarma. Ta share hawayenta, ta gyara ɗaurin zane.

"Inna Tani, hayaƙi ba ya yi mai. Ko a gida in abin ga ya taso, sai an yi mai sakiya."

"Sakiya? To ina wanzami?"

Wanzami na nan cikin 'yan kallo, da zabirarsa. Ya zaro ƙarfe ya cusa a garwashin mai tsire, ana fifita masa. Mode na jin komai. Ya ji ana gardamar inda za a sa, wani ya ce a goshi, wani ya ce a tafin ƙafa. Zubaida ta ce a cinya, gefen da jaki bai taɓa ba. Ya ji an kama ƙafarsa, an naɗe wando. Gajere ya danne kafaɗa ɗaya, Siddiq ya danne ɗayar, su da ɗazu suke neman cinye juna. Ya ji wanzami ya yi bisimilla, ya ji ɗumin ƙarfe na matso fatarsa.

Yadda Mode ya kuɓuce daga hannun manyan 'yan kokawa biyu, har yau ana maganarsa a Rabah da Goronyo. Ya tashi da ƙarfin da ba wanda ya san yana da shi, ya tsallake kaskon wuta, ya bangaje makaɗi, ya ratsa mata masu ƙosai ya nufi gonaki. Ɗingishin ma ya warke. Fili ya kwashe da dariya, Inna Tani na cewa a dubi ikon Allah, tun ƙarfe bai taɓa shi ba ya ji sauƙi.

Bayan fili akwai rudun albasa jere, 'yan bukkokin kara da manoma ke adana amfaninsu. Mode ya faɗa ɗaya ya ja ƙofa ya lafe a kan albasa. Sai dai ya manta abin da ke bakinsa. Haki yake, kuma duk numfashin da ya fitar sai usur ya ce fit. Ba wanda ya sha wahalar nema, jama'a suka bi sautin a hankali suna tafe suna dariya, har suka tsaya a bakin rudun.

Kafin Alhaji Abdulƙadiri ya ƙaraso da sandarsa, 'yan kokawa sun gama shari'arsu da kansu. Siddiq ya ce shi aka fara kayarwa, kowa ya gani, ragon na Gajere ne. Gajere ya ce in an yanka, cinya ɗaya ta Goronyo ce. Suka tafa.

Alhaji ya tsaya a bakin rudu ya miƙa hannu ta tsakanin kara.

"Mode."

Usur ya ce fit.

"Miƙo."

"Baba Alhaji, ai an tashi lahiya. Dibi, har sun sasanta. Dabara ta niy yi, haka aka yi can waje, alƙali shi ja hankalin..."

"Miƙo, ɗana."

Aka ɗan jima, sannan hannu mai baƙin fenti ya fito da usur. Alhaji ya goge shi da bakin riga ya ce tunda yake busa abin nan bai taɓa jin ya yi kukan tsoro ba sai yau. Ya juya ya rataya wa Isah a wuya. Isah ya busa sau ɗaya, mutane suka yi tsit, ya ce a koma fili akwai sauran wasa. Aka juya aka bi shi, makaɗa a gaba.

Mode na ciki yana jin wannan tsit ɗin da aka yi wa wani, kuma ya fi hayaƙin barkono yi masa zafi. Sai da ƙafa ta ɗauke sannan Zubaida ta ja ƙofar rudun. Ta same shi zaune a kan albasa, riga ta zama toka-toka, hawaye na zuba ta cikin fenti.

"Malam, kuka kaka yi?"

Ya kawar da kai ya ja hanci. "Wane irin kuka? Albasa ta."

Zubaida ta dubi tulin albasar, busassa, ko wadda aka ɓare babu. Ta miƙa masa mayafinta ta ce, "I, ta bana akwai yaji. Goge mu tahi gida."